Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe tara, rana ba ta leƙo Vuokatti ba,
ko ta leƙo ma ba mai dogon zama ba ce.
Urho na durƙushe a bayan mota,
ya tuɓe safar hannu, ya damƙi dusar ƙanƙara,
ya murza, ya kai kunne kamar mai sauraron gulma.
Shekara talatin yana shafa wa katakon wasu kaki,
ba a taɓa rataya masa komai a wuya ba.
Ya ce, "Saimi, busasshiya ce, ji yadda take kuka.
Shuɗin kaki. Yau babu danƙo."

Na yarda.
Yarda ce rabin sana'ata, sauran rabin huhu ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya.
Tun Yuni nake gudu a fadama,
ruwa iya gwiwa, sauro a wuya,
ina ƙirga bugun zuciyata kamar mai bin bashi.
An yi bikin ƙanwata ina kan wani dutse a ƙasar wasu,
ina koya wa jinina haƙuri da ƙarancin iska.
A waya na ga rigarta.

Bindiga ta tashi.
Mu sittin da huɗu, kilomita talatin,
layi biyu a farar ƙasa, kowa da sandunanta.
Tura, zame. Tura, zame.
Dajin ya yi tsit, sai numfashi da ƙarar kan sanda.
Gashin idona ya daskare, bakina ɗanɗanon ƙarfe,
amma katakon na gudu kamar ya san hanyar gida.
A kilomita goma sha biyar ni ce ta uku,
har na fara jin daɗi,
wanda shi ne kuskure.

Iska ta juyo daga kudu.
Ba hadari, ba gargaɗi, ɗan yayyafi kawai,
irin wanda ba ya sa mutum neman lema.
Layi ya yi sheƙi kamar bayan cokali.
A hawan farko na taka, ƙafa ta koma baya.
Na sake takawa, ta sake komawa.
Ƙasa ta daina amsa sallamata.

Ragnfrid ta wuce, danƙonta na cizon tudu.
Ba ta kalle ni ba. Nima da ban kalle ta ba.
Sai wata, sai wata.
Na bar ƙafafu, na koma ga hannu,
na dinga haƙa tudun da kafaɗa
har na daina sanin inda sanda ta ƙare, ƙashi ya fara.
Wani yaro a bakin hanya yana kaɗa ƙararrawar shanu
yana kiran sunana, yana tsalle,
bai san komai ba game da kaki.
Don shi na hau tudu na ƙarshe.

Shida ake ɗauka zuwa gasar duniya.
Na zo ta tara.
Daƙiƙa goma sha ɗaya:
ba su isa a ɗaure igiyar takalmi ba,
sun isa su cinye hunturu guda.

Na kwanta rub da ciki a bayan layi,
kumatu kan ƙanƙara, jiƙaƙƙiya, mai laushi yanzu,
marar kunya.

Urho ya zo da hula a hannu.
Bai ce iska ba, bai ce yayyafi ba.
Ya ce, "Ni ne."
Na dubi yatsunsa, duk tsaga, shuɗi a ƙarƙashin farce.
Sau nawa waɗannan yatsun suka ba ni fiffike
na karɓi furanni ni kaɗai?

Na kwance katakon, na miƙa masa.
Na ce, "Asabar akwai Kuopio."
Ya juya su, ya shafa cikinsu da babban yatsa,
ya ɗaga kai yana shinshinar iska.