Ajiyar Yamai

Kwamfutar tawa ce.
Illo ya aiko ta daga Abijan cikin buhun tufafi,
harafin "m" ya goge tun kafin ta iso Tawa.

Aikin kuwa na mutanen Yamai ne:
manoman albasa dubu biyu da ɗari uku,
daga Galmi har Tabalak,
sunan kowa da lambar wayarsa,
jikka nawa ya ci, nawa ya biya,
wa ya yi shiru tun damina.
In wuta ta dawo unguwar Wadata
sai in zauna bisa tabarma in jera su layi-layi.
Ban taɓa taka ofishin ba.
Muryar Asumana kaɗai na sani.

Shi ya ce, "Cima, gidan naki ne, ba musu,
amma ajiyarmu tana ciki.
Kalmar sirri ta yi tsawo,
kada ki sa sunan ɗanki.
Kada ki kai wa mai buga takardu.
In kuma ta ɓata, ki yarda mu share ta daga nan."
Na ce, duka?
Ya ce, "Injin tsoho ne,
tsintsiyarmu ba ta san ɗakin wani ba."

Kwana biyu ina cika ina batsewa.
Ba su saya ba, ba su biyan kuɗin wuta,
ko kujera ba su aiko mini ba.
Sai na tuna layi na ɗari huɗu da sha takwas:
Noma'u, ƙanen babana,
da bashin da ko matarsa ba ta sani ba.
Na sa hannu.

Daga ranar Sabi'u ya daina kallon ƙwallo a kanta,
ya yi mako bai ci tuwona da daɗi ba.
Mai gyara ya ce, "Bar ta, dawo gobe."
Na zauna bisa bencinsa har la'asar
ina ƙirga yatsunsa.

Ran Lahadi, kasuwa ta cika ta tumbatsa,
na sauka daga kabu-kabu ina neman canji.
Hannu ya riga ido.
Igiyar jaka ce ta rage a kafaɗata.

Asumana ya ɗauka a ƙara ta biyu.
Bai yi faɗa ba.
Ya ce, "Akwai naki a ciki?"

Akwai.
Hotunan sunan Sabi'u.
Muryar Inna, minti sha ɗaya,
tana lissafa mini kakanninmu tana tari,
wata uku kafin ta cika.
Kullum cewa nake gobe zan kwafe.

"Ko mu jira dare? Ƙila a gano."
Na ga wayar Noma'u tana ruri a gona,
baƙuwar murya ta kira shi da sunan uba,
ta faɗi bashinsa daidai har dala,
ta ce ya turo ta wannan lamba.
Shi da wasu dubu biyu.
Na ce, share.

Ba nan take ba ne, ashe.
Sai ɓarawo ya kunna, ya haɗa ta da intanet.
Dare biyu muryar Inna tana raye
a wani ɗakin da ban sani ba.
Talata da hantsi saƙo ya shigo,
kalma biyu: An share.

Jiya Noma'u ya biyo da buhun albasa bisa babur,
ya ajiye mini tiya guda,
ya tambayi yara, ya yi kukan farashi, ya wuce.
Bai san kome ba. Haka ake so.

Yanzu da dare, kafin sabon injin ya zo,
na ɗauko littafin makarantar Sabi'u, shafin baya.
Inna ƴar Zali,
Zali ƴar Gado,
Gado ɗan Maidaji,
Maidaji ɗan wa?
A nan take yin tari.