Inci Goma

A Panteka na gan su, wata Talata,
rim huɗu a jere a kan buhun siminti,
farare, suna ƙyalli kamar sabon faranti.
Ƙafata ta ƙi gaba.
Yaron shago ya ce, "Inci goma ne, Oga.
Ka ɗaura wa motarka, duk Kachia sai an waiwayo."
Ni da na zo don taya,
na biya ban ko taya ba.

Barau mai faci yana ƙarƙashin dalbejiyarsa,
tef ɗin awo rataye a wuya,
rabin lambobin sun goge.
Ya dafa tayata, ya shafa kumatunta,
ya auna rim daga leɓe zuwa leɓe,
ya sake aunawa.
Ya ce, "Jatau, tayar nan goma da rabi ce.
Takwas take so. Bakwai ma za ta zauna.
Ka ba ta goma, ka baje mata baki,
sai ta riƙe ƙarfe da bakin leɓe kawai
kamar mai shan kunu da zafi."

Na ce kuɗina ne.
Ya ce motarka ce.
Ya shafa sabulu, ya buga iska,
taya ta yi ƙara sau biyu ta hau.
Bai karɓi na goro ba ranar.

Sati uku ina yawo a kwalta.
Kawo, Kakuri, gadar kogi da yamma,
ina rage gudu a gaban shagunan gilashi
don in ga kaina ina wucewa.

Sai ranar ɗaukar citta.
Buhu goma sha takwas, ƙauye bayan Kachia,
ruwa ya kwana yana zuba,
hanya ta zama ja, ta zama kunu.
Na sauka na rage iska, yadda kowa ke yi,
don taya ta shimfiɗa tafinta a laka.
Kwana ɗaya muka sha, a gangaren rafi,
dutse ya taɓa gefe,
na ji fus.
Ba ƙusa ba ce.
Leɓe ne ya saki.
Taya ta zame ta kwanta, rim ya fito tsirara
ya nutsa haƙoransa cikin taɓo.

Didam mai cittar bai ce komai ba.
Ya naɗe wando, ya kira 'ya'yansa,
muka sauke buhu goma sha takwas a ka,
jak yana nutsewa, muna cusa masa duwatsu,
har kwaɗi suka fara kiran dare.
Matarsa ta aiko da dafaffiyar gwaza a leda.
Na ci a tsugune, ina kallon ƙyallin da na saya
laka ta shafe shi har noti.

Da na koma, tsofaffin rim ɗina
suna nan inda na yar da su, bayan dalbejiya,
baƙaƙe, ƙunci gare su, tsatsa a gefe.
Ashe ya rufe su da kwali.
Bai ce "na faɗa maka" ba.
Ya miƙo min tef ya ce, "Auna da kanka."
Takwas.
Ya hau da taya, kumatunta suka cika
suka rufe bakin ƙarfe,
ya danna da gwiwa ya ce, "Yanzu rage iskar ka gani."

Uku na sayar a rabin kuɗi.
Na huɗun, wanda dutse ya lanƙwasa,
yana tsakar gida.
Lami ta zuba masa gawayi, ta ɗora kasko.
Ta ce faɗinsa ya yi daidai.