Alewar Kumfa

Arzika ya dawo daga Abijan
da jaka biyu da busasshen tari.
Cikin tsarabarsa akwai wata leda,
girmanta ya kai matashin kai,
nauyinta bai kai albasar Galmi biyu ba.

Shamalo, in ji shi.
Wasu farare, wasu jaja-jaja,
kamar an bi gajimare da almakashi.

Ni kuwa aikina awon yara
a likitar unguwarmu nan Tawa.
In naɗa ma'auni a damtse, in duba kore ne ko ja,
in rataya yaro a sikeli yana tsala ihu.
Shi ya sa kafin in kai baki
sai da na juya bayan ledar.

Sukari, suka rubuta.
Sai ruwan sukari, ƙanensa ke nan.
Sai danƙo daga ƙashin saniya,
sai launi, sai ƙamshi.
Saura duk iska ce.
Arzika, iska ka sayo!
Ka biya mata kuɗin mota tun daga bakin teku,
ga ta nan kyauta tana kaɗa mana labule.

Mai gina jiki? Bai cika farce ba.
Mai ƙara jini? Babu ko ƙyas.
Cuku guda na kasuwar Lahadi,
ƙuli-ƙuli uku,
ko dambun zogale na dala ashirin
ya kayar da ledar nan ko hannu bai sa ba.

Ina cikin wa'azina
Inna Tsahara ta miƙo hannu daga tabarma.
Ta matsa guda, ta sake, ta ga ya dawo yadda yake,
ta yi dariya, bakin nan fayau ba haƙori ko ɗaya.
Ta jefa. Ta rufe ido.
Muka yi tsit har kaza ta ratsa tsakar gida.

Ta ce, shekara tara
rabona da abin da ba a jiƙa mini ba.
Wannan bai yi faɗa da dasashina ba.

Na sake juya ledar,
na bi layukan da yatsa, sama har ƙasa,
ban ga inda suka rubuta wannan ba.

Mun yi ciniki: ɗaya bayan la'asar,
sai in ta shanye furarta.
Ta ce ta yarda.
Da safe na kakkaɓe shimfiɗarta,
huɗu suka faɗo, tururuwa na biye.