Arba'in a Gangare

Iya Tabawa takan riga ladan tashi.
Sanyin Jos na cizon yatsu,
ita tana hura murhu,
ganyen darbejiya na juyi cikin garwa.

"'Ya'ya tara na wanke da hannun nan," in ji ta,
"ba wadda sanyi ya shiga ƙashinta."
Na ɗaga riga na nuna mata ɗinki,
ƙofar da likita ya tsaga Zulai ta fito.
Ta daɗe tana kallo.
Sai ta ɗebo ruwan sanyi ta sirka,
ta tsoma gwiwar hannu ta ji ɗuminsa,
ta gasa mini baya, ta kewaye wurin
kamar mai shara gefen ƙwai.

Ranar awo Sista Kangyang ta ɗaure mini damtse,
ta matsa, ta saki, ta ɓata rai.
"Jini ya hau, ƙafa ta kumbura.
Mama, kanwar nan a ɗaga mata ƙafa."
Iya ba ta tanka ba har muka hau Keke.
A gida ta ƙulle kanwarta a bakin zane,
ba ta zubar ba, ba ta kuma jiƙa ba.
Da yamma na sha kunun acca da tsamiya,
ga farfesun kaza, gishiri kaɗan,
daddawa ta rufa masa asiri.

Ba ta karanta boko,
amma jar ƙwayar ƙarin jini ba ta taɓa wuce ta ba:
kowace na haɗiya, zane ɗaya da gawayi
a bangon madafa.

Akwai daren da kuka ya zo mini ba dalili,
nono na zuba, ido na zuba.
Iya ta goya Zulai, tana zagaya tsakar gida
har zakara ya yi cara.
Da safe da kanta ta ce, "Kira 'yar Birom ɗin nan."
Sista ta zo, ba ta buɗe jaka ba,
ta zauna bakin gado ta ce, "Yaya zuciyarki?"

Yau zane arba'in a bango.
Awo ya sauka, ɗinki ya kame.
Iya ta cika kwalba da yajin jego
ta miƙa wa Sista, tana kawar da kai:
"An ce ƙanwarki ta sauka a Bukuru.
Cokali ɗaya a romo.
In kuma kin ga ya yi yawa, ke kika san awo."