Lissafin Zuwa Tiga

Daren da muka fasa asusu
Huwaila ce ta ƙirga, ita ke aji biyar.
Ta jera kuɗin bisa faifai,
Ta ce, "Umma, dubu talatin da ɗaya,
Sai wata ɗari biyu da gara ta ci wa baki."

Babansu ya juya bayan takardar taki,
Ya lashi bakin fensir.
Kibiya zuwa Rano, ya rubuta.
Rano zuwa Tiga, ya rubuta.
Kujera biyu, yara uku a cinya,
In direba ya yarda Lurwanu bai kai kujera ba.
Lurwanu ya miƙe tsaye, ya ce ai ya kai.
Muka ce zauna,
Ranar Juma'a dai ba ka kai ba.

Kwana biyu ne tak,
Tsakanin yankan gero da girbin dawa.
Otal ɗin kan dutse na masu abin hannu ne,
Mu a gidan Ɗan'azumi mai ɗinkin koma za mu sauka,
Da ƙullin daddawa da ƙuli a matsayin gaisuwa.
Akuya mai ciki mun bar wa Talatuwa,
Kaji kuwa, Allah na nan.

Kowa da abin da ya saƙa a rai.
Huwaila hoto take so, ita da ruwa a bayanta,
Don 'yan ajinsu su daina ƙaryata ta.
Lurwanu kwalekwale.
Tasi'u, auta, tambaya ce ta dame shi:
Wa ke ɗebo ruwan har ya cika,
Kuma guga nawa?
Babansu ya ce karfasa mai zafi, da yaji,
A ci a bakin ruwa kamar baƙin birni.
Ni ban faɗi nawa ba.
So nake in tsoma ƙafa cikin ruwa sau ɗaya
Ba wanki a hannuna.

Lissafi ya fita cif,
Har da rarar ta rake.

Sai Iya, da ke ɓarar gyaɗa a gindin rumbu,
Wadda muka ɗauka gyangyaɗi take,
Ta ce, "Ku sa ni a takardar."

Fensir ya tsaya.

"Ƙarƙashin ruwan nan aka binne cibiyata.
Akwai tsamiya a ƙofar gidanmu.
Ranar tashi, dutsen niƙan innata ya yi nauyi,
Muka bar shi a tsakar gida
Da niyyar a dawo a ɗauka.
Shekara hamsin ke nan, ana niyya."

Shekara goma sha uku ina zuba mata tuwo,
Ban taɓa jin wannan ba.
Ɗanta ma ya sunkuyar da kai
Kamar wanda aka kama da bashi.

Iya ba ta zama a cinya.
Ya soke karfasa, bai ce uffan ba.
Ya soke rake.
Bai isa ba.
Huwaila ta sa yatsa kan layin hoto,
Ta ce, "Baba, goge, zan zana musu."
Da ya kai kan kwalekwale Lurwanu ya ɓata fuska,
Sai Iya ta ce a bar wannan,
Shi ne ma tafiyar.

Tasi'u ya matsa jikinta:
"Iya, ya za ki gane gidanku, duk ruwa ne?"
Ta ba shi gyaɗa uku.
"In mun kai tsakiya ku ce mai jirgi ya tsaya,
Zan yi sallama.
Kai ka kasa kunne, naka ne sabo."

Yanzu duk sun yi barci.
Na tura dambu a kwano, na dafa ƙwai shida.
Daga ɗakin Iya ina jin ƙarar adaka,
Tana neman zanen da za ta ɗaura
Don kada a ce ta zo gida a wulaƙance.