Ta Ina Giwayen Suka Bi?

Ƙarfe huɗu na asuba nake ta da mota.
Ita tana tari, ni ina tari,
mu gaisa kamar tsofaffi biyu a layin asibiti.
Sunana Fulvio. Aikina ture dusar ƙanƙara
daga tsakiyar hanya zuwa gefen hanya,
kafin gobe sama ta mayar da ita inda na same ta.
Shekara ashirin da uku muna wannan ja-in-ja,
har yau ba wanda ya ce ya gaji.

Garinmu na maƙale a haƙarƙarin Dutsen Biso
kamar kaska a kunnen kare.
Rana, in ta ga dama, takan leƙo da hantsi,
ta dube mu, ta ga ba abin a zo a gani,
tun kafin la'asar ta koma bayan dutse.

Ermelinda mai burodi ta riga kowa tashi,
tagarta kaɗai ce idonta biyu a duk titin.
Takan miƙo min kofi, ba sannu ba ina kwana,
sai dai: "Jiya ma ka binne min ƙofa."
Na ce ba ni ba ne, sama ce.
Ta ce sama ba ta da lambar mota.

Bayan abincin rana dattawa uku kan hallara kusa da murhu,
su ci gaba da shari'ar da aka buɗe
shekara dubu biyu da ɗoriya:
ta ina giwayen Kartaj suka haura duwatsun nan
sa'ad da suka nufi Rum da yaƙi?
Kowane ƙauye ya ce ta bayan gidansa ne.
Tsoho Battista ya rantse ta gonar dankalin kakansa suka bi,
shi ya sa har yau ƙasar a dandaƙe take.

Wata shekara masana suka zo da tantuna da shebur,
suka yi ta haƙa can sama, kusa da mashigi,
suka sauko suna riƙe da kwalabe kamar masu ɗauke da ƙwai.
Me ke ciki? Tsohon kashin dabbobi.
Battista ya ce da sun tambaye shi,
yana da sabo fil a bayan garke, kyauta.

Rami kam akwai shi a wuyan dutsen, wannan ba musu.
Da hannu aka fafe shi, shekara ɗari biyar da wani abu,
don alfadarai su shigo mana da gishiri daga ƙetare.
Alfadari da kayansa ya wuce salin-alin,
dogon mutum kuwa sai ya rusuna.
Malamar makaranta ta ce ba laifi,
da mai yin aikin aka auna ƙofar.

Kogin Po ma a nan yake jariri,
yana tsiyaya daga ƙarƙashin wani dutse.
Ɗiyata Nives ta tsallake shi da taku ɗaya tana 'yar shekara shida,
ta kwana uku tana ba da labari.
Yanzu tana Turin, kullum ta bi ta kansa a gada.
Ta ce ya yi ƙiba, bai ma gane ta ba.

Da dare sai tuwon masara da cuku,
safa a kan murhu, kare a kan ƙafata,
itace na ƙara kamar mai ƙirga kuɗin da ba nasa ba.
Na leƙa waje. Ta soma zuba kuma,
a hankali, kamar yaron da ya yi dare a yawo.

Na ɗaura agogo a uku da rabi.
Gobe in na kai ƙofar Ermelinda zan kauce,
in bar mata wurin fes.
Ko kuwa dai a'a.
In ban binne ƙofar ba,
me za ta ce da ni?