Buhunan Albasa a Ebute Metta

Shekara ashirin da uku ina sayar da albasa a Mil Sha Biyu,
ba a taɓa tambayata buhu ba tare da abin ciki ba,
sai Tasalla, autata.
Ta ce ɗari uku take so, jajaye, ko sun yage.
Na ce soso za ki saƙa?
Ta yi dariya, ta cika keke biyu ta tafi.

Ran Asabar ta aiko:
Baba, ka sa shaddarka, ka zo.
Na hau danfo, kwandasta na ihu a kunnena har Oyingbo,
na sauka da miyar wata a hannun riga.

Tsohuwar ma'ajiyar jirgin ƙasa ce,
kwano ya ci tsatsa, ciyawa ta huda tsakanin ƙarafa.
An ce duk bayan shekara biyu
masu zane ke taruwa su baje abin da ya hana su barci.

A bakin ƙofa wata mai suna Morenikeji,
ta shafe jikinta da farar ƙasa,
tana zuba ruwan lagun cikin kwando tun hantsi.
Mutane sun yi tsit kamar zaman makoki.
Na so in ce, baiwar Allah, ga bokiti can,
Tasalla ta danne min yatsa.

Gaba kaɗan wani ya jera janareto bakwai matattu
ya lulluɓe su da leshi.
Wannan kam na gane, har na yi dariya ni kaɗai,
wani mai tabarau ya harare ni.

Sai muka sha kwana.

Daga rufi har ƙasa, ja,
ja irin na yamma a gonakin Aliero
in an gama cira, ƙasa na huci.
Ta ɗinke su baki da baki,
ta sa fitila a baya, iskar teku na shiga tana fita,
abin na numfashi kamar sa a kwance.

Na matsa. Ba ta wanke su ba.
Ga shaidar fenti ta kowane manomi:
gicciye biyu na Maikwari,
da'irar Ɗan'inna da ba ta taɓa haɗuwa,
ga kuma tsiri uku na Labbo,
wanda tirela ta kife da shi a gangaren Jebba
daminar da buhu ya kai dubu sittin.
Har yau ina riƙe da cikon kuɗinsa,
ban sami mai kai wa uwarsa ba.

Daga wani ɗan akwati murya na fita,
hayaniyar kasuwa, hon, Yarbanci, Hausa,
sai ga wani tsoho yana cewa albarka, albarka, ƙara dai.
Na daɗe kafin in san ni ne.
Ashe haka muryata ta dushe.

Wata baƙuwa da takarda a hannu
ta tambayi Tasalla ma'anarsa.
Suka yi ta Turanci, ni ina ƙirga ɗinki.
Ta nuna ni. Baƙuwar ta juyo, ta ce nawa za a sayar.
Bakina ya riga ni: albarka.

Tasalla ta ce, Baba, idonka.
Na ce albasa ce.
Ita ma ta san busasshen buhu ba ya sa hawaye,
amma 'yar kasuwa ce, ta bar min cinikina.

Litinin da asuba mota ta iso.
Yaro ya zazzage buhun farko, ya wurga shi kwata.
Na ce ɗauko.
Na duba shaidar, na kakkaɓe,
na ninke shi huɗu na sa ƙarƙashin benci,
sannan na tambayi direba
ko hanyarsa ta komawa na bi ta garin su Labbo.